Zaɓen Tarantula Domin Kiwo a Mazaunin Kwaikwayon Hamada: Nazari a Kan Halitta da Muhallinta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake zaɓen nau'in tarantula, wato ƙaton gizo-gizon nan mai gashi, domin kiwo a cikin akwatin gilashin da aka tsara shi ya yi kama da hamada. Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan kurakuran masu kiwo suna tasowa ne daga kwaikwayon abin da ido yake gani a doron hamada, alhali ita tarantula a ƙarƙashin ƙasa take gudanar da rayuwarta, inda zafi da laima suka sha bamban da na sarari. Da wannan ma'auni aka auna wasu nau'o'in da suka shahara a kasuwa, daga na hamadar Sonora zuwa na tsibirin Sokotra. An kuma taɓo batun jinsin dabbar da asalin inda aka samo ta, da irin nauyin da zaɓin yake ɗora wa mai kiwo wajen shirya mazaunin.

1.0 Gabatarwa

Sunan tarantula ya samo asali ne daga Taranto, wani gari na bakin teku a kudancin Italiya. Mutanen yankin a ƙarnonin baya sun yi imani cewa cizon wani gizo-gizo yana jefa mutum cikin wata irin ruɗewa wadda ba ta warkewa sai an yi ta rawa har an galabaita, kuma da wannan imani ake danganta rawar nan ta tarantella. Gizo-gizon da aka ɗora wa laifin, Lycosa tarantula, ba shi da dangantaka ta kusa da halittun da suke amsa sunan a yau. Turawan da suka isa nahiyar Amurka ne suka laƙaba shi ga manyan gizo-gizo masu gashi da suka tarar a can, sunan kuma ya bi su. A ilimin halittu ana tara su a dangin Theraphosidae, wanda masana suka bayyana nau'o'insa fiye da 1,000 a nahiyoyin Amurka da Afirka da kudancin Asiya da Ostareliya.

Kiwon tarantula a gida ya daɗe da zama abin sha'awa a Turai da Amurka, yana kuma bunƙasa a gabashin Asiya. A da, akwati da ɗan ƙasa da kwanon ruwa sun wadatar. A 'yan shekarun nan sai aka karkata ga abin da ake kira mazaunin kwaikwayo, wato a shirya akwatin ta yadda zai zama tamkar an yanko wani yanki na muhallin dabbar an kawo cikin ɗaki. Daga cikin irin waɗannan mazaunai, na hamada ya fi jan ido, ya kuma fi yaudarar sabon shiga, domin yana ganin babu abin da ya kai shi sauƙi: a zuba yashi, a dasa tsiro mai ƙaya, a kunna fitila mai zafi. Tarantular da aka saka a irin wannan wuri takan mutu a hankali, ba tare da mai ita ya gane dalili ba, ga shi kuwa dabba ce da ke iya shekara ashirin da rai. Saboda haka tambayar da ta dace a fara da ita ita ce, wace hamada ake son kwaikwaya, kuma wane sashe nata tarantula take zaune a ciki.

2.0 Hamadar Ido da Hamadar Rami

Ana iya ɗaukar hamadar Sonora a matsayin misali, wadda ta ratsa kudancin jihar Arizona ta Amurka da arewa maso yammacin Meziko. A tsakiyar bazara zafin iska a birnin Tuson yakan haura digiri 40, doron ƙasar da rana take duka kuwa yana iya wuce digiri 60. Babu tarantular da za ta jure wannan, kuma babu wadda take gwadawa. Tana cikin raminta tun daga hantsi har faɗuwar rana, sau da yawa da ɗan siririn zare a shimfiɗe a bakin ramin. Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi ta kai shi ciki, don haka a ƙasan ramin akwai sanyi-sanyi, iskar wurin kuma tana riƙe da laimar da ta fi ta waje nesa ba kusa ba. Da dare ne take hawowa ta tsaya a bakin ramin tana jiran abin da zai gifta. Idanunta takwas ba su da wani ƙarfin gani. Da motsin ƙasa da na zaren take gane zuwan gyare ko ƙwaro.

Ƙirar jikinta ce take bayyana dalilin wannan ɓuya. Tarantula tana numfashi ne da wasu huhuna huɗu da ke ƙarƙashin cikinta, kowanne da siraran shafuka a jere kamar na littafi, iska tana ratsa tsakaninsu. Shafukan suna buƙatar danshi kafin su yi aiki, kuma ta nan ruwan jiki yake tsiyayewa idan iska ta bushe ƙwarai. Wani abin lura kuma shi ne yadda ƙafafunta suke aiki. Tana da tsokar da ke lanƙwasa su, amma miƙe manyan gaɓoɓinsu da matsin jini take yi. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jikinta, matsin sai ya ragu, ƙafafun su naɗe zuwa ƙarƙashin jiki, ta kasa tafiya ko da zuwa kwanon ruwan da ke kusa da ita. Masu kiwo sun san wannan naɗewa a matsayin alamar mutuwa ta gabato. Fitilar da ake ratayawa a kan akwati domin a kawo zafin hamada ita ce hanya mafi sauri ta kai dabba ga wannan hali.

Haka nan, hamadar da tarantula take zaune ba tudun rairayi ba ce irin wadda ake gani a hotunan Sahara. Rairayi ba ya riƙe rami. Ana haƙawa yana zubewa. Ƙasar Sonora gauraye take da yumɓu da tsakuwa da saiwoyi, tana da tauri idan ta bushe. Tana kuma samun ruwan sama sau biyu a shekara, wato yayyafin hunturu da kuma daminar da take sauka daga watan Yuli zuwa Satumba da tsawa da ambaliya. Ruwan da Tuson take samu a shekara yana tsakanin milimita 270 da 300. Kaɗan ne, amma ya isa ya jiƙa ƙasan rami lokaci bayan lokaci.

Ke nan, idan ana son mazauni ya amsa sunansa na kwaikwayo, hawa biyu yake buƙata: sama busasshiya wadda ido zai gani, da ƙasa mai zurfi da sanyi wadda dabbar za ta shiga. Nau'in da ya dace da shi kuwa shi ne wanda a muhallinsa na asali da irin wannan tsari ya saba.

3.0 Nau'o'in da Ake Tallatawa da Sunan Hamada

3.1 Aphonopelma chalcodes

Wannan ita ce 'yar asalin Sonora, wadda Ralph Chamberlin ya bayyana a shekarar 1940. Macen tana da launin ƙasa-ƙasa mai haske, bayanta kamar busasshiyar ciyawa, cikinta ya fi duhu. Faɗin ƙafafunta idan ta girma yakan kai santimita 12 zuwa 13. Bakin raminta a daji zagaye yake, faɗinsa tsakanin santimita biyu da rabi zuwa biyar. Idan aka ce hamada a ainihin ma'anar kalmar, babu wani nau'i a kasuwa da ya kai ta cancanta.

Hali ma yana goyon bayanta. Tana da sanyin jiki, ba ta da gudun tsiya, kuma da wuya ta kai cizo. Dafinta ga ɗan Adam bai wuce zafin harbin zuma ba a mafi yawan lokuta. Makaminta na farko shi ne gashin da ke bayan cikinta, wanda take karkaɗowa da ƙafafun baya idan an takura ta. Wannan gashi mai ƙaiƙayi tarantulolin nahiyoyin Amurka kaɗai suke da shi. Kowane sili yana da ƙananan ƙayoyi, idan ya taɓa fata sai ya sa ƙaiƙayi irin na gero a masussuka, idan kuwa ya shiga ido yana iya nutsewa cikinsa ya haddasa kumburin da zai ɗauki watanni ana jinya. Saboda haka ko da nau'i mai haƙuri irin wannan, ba a kusanto da fuska bakin akwati, kuma ana wanke hannu bayan an taɓa ƙasar ciki.

Abin da yake gwada haƙurin mai kiwonta shi ne jinkirin girma. 'Yar da aka ƙyanƙyashe takan yi shekara takwas zuwa goma kafin ta balaga. William Baerg, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wata 'yar'uwarta a jihar Arkansas har ya fitar da littafinsa a kan tarantula a 1958, yana cikin waɗanda suka fara nuna irin tsawon ran da matan wannan rukuni suke da shi, wanda kan haura shekara ashirin. Wannan jinkiri yana da wani sakamako da za a dawo kansa a gaba, domin shi ne yake sa 'yan kasuwa su gwammace kamowa daga daji a kan jiran ƙyanƙyasa.

Akwai kuma matsalar suna. A shekarar 2016 Chris Hamilton da Brent Hendrixson da Jason Bond suka wallafa wani gagarumin bincike a mujallar ZooKeys, bayan sun duba samfura kusan 3,000 na rukunin Aphonopelma a ƙasar Amurka. Sunaye 55 da ake da su a baya suka dawo nau'o'i 29, daga ciki 14 sababbi ne, har da wanda aka raɗa wa sunan mawaƙi Johnny Cash. Abin da wannan yake nufi ga mai saye shi ne, 'yan wannan rukuni suna da matuƙar kama da juna, kuma sunan da aka rubuta a jikin roba a shago ba hujja ba ne. Wasu daga cikinsu 'yan filin ciyawa ne, wasu 'yan kan tsaunuka masu sanyi. Sanin wurin da iyayen dabbar suka fito ya fi sunan amfani.

3.2 Chromatopelma cyaneopubescens

Wanda yake son abin kallo, nan ya kamata ya duba. Ƙafafunta shuɗaye ne, bayanta kore mai ƙyalli, cikinta ruwan lemo. Embrik Strand ne ya bayyana ta a 1907, mazauninta kuwa zirin Paraguwana ne a arewacin Benezuwela, wuri mai iska da ƙarancin ruwa, cike da ƙayoyi da kaktus, wato tsiron nan mai ajiye ruwa a jikinsa. Ita ba ta dogara da rami mai zurfi ba. Saƙa take yi mai yawa a gindin tsirrai da tsakanin saiwoyi, har ta gina wa kanta rumfuna da lunguna, kuma saƙar ce take yi mata aikin da rami yake yi wa 'yar Sonora. A tarihin kiwonta an yi asarar da dama a farko, saboda an ji sunan Benezuwela an zaci 'yar kurmi ce, aka riƙa jiƙa mata ƙasa har ta mutu. Wannan kuskure kishiyar na fitila ne, amma tushensu ɗaya, wato hukunta dabba da sunan ƙasarta maimakon ainihin gurbin da take zaune.

Tana girma da sauri, tana cin abinci ba wasa, ana kuma samun 'ya'yanta da aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo cikin sauƙi. Sai dai tana da firgita da zafin nama, tana iya ficewa da zarar an buɗe murfi. Mai tsara mazauni kuma ya sani cewa cikin 'yan watanni farar saƙa za ta lulluɓe duwatsun da itatuwan da ya sha wahalar jerawa. Wasu suna ganin hakan ɓarna ce. A gaskiya shi ne alamar dabbar ta karɓi wurin.

3.3 Grammostola rosea

Shekaru da dama wannan 'yar ƙasar Cile ita ce tarantular farko ga mafi yawan masu kiwo, domin an riƙa shigo da ita da yawa da araha. Ana yawan tallata ta da sunan hamadar Atakama, amma mazauninta filayen ƙaya ne da busassun ciyayi. Tana ƙyamar jiƙaƙƙiyar ƙasa ƙwarai, har takan hau jikin gilashi ta maƙale don kada ta taka ta, saboda haka busasshen mazauni ya dace da ita. Aibinta biyu ne. Takan ƙaurace wa abinci na tsawon watanni ba tare da wani ciwo ba, abin da kan tayar da hankalin sabon shiga. Halinta kuma ba shi da tabbas, yau lafiya lau, gobe ta ɗaga ƙafafun gaba tana nuna fiƙoƙi.

3.4 Brachypelma hamorii

Wannan ita ce mai jan gwiwa da ake yawan gani a finafinai, kuma sau da yawa a kan yashi ake nuna ta. Asalinta gaɓar tekun Pasifik ce ta Meziko, a jihohin Kolima da Halisko da Micowakan, cikin dajin da bishiyoyinsa suke zubar da ganye a dogon rani su sake tohuwa da damina. Za ta rayu lafiya a busasshen akwati mai kwanon ruwa, tana da haƙuri, kuma tana yawan zama a fili inda za a gan ta. Amma wanda ya saka ta cikin kwaikwayon hamada ya haɗa dabba da muhallin da ba nata ba. Busassun ganye da guntayen itace ne kayan adonta na gaskiya. Ga kuma doka. Tun a 1985 aka saka Brachypelma smithi a jadawali na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar barazana, daga baya a tsakiyar shekarun 1990 aka haɗa da rukunin baki ɗaya. Ba a tsallaka iyakar ƙasa da ita sai da takardar izini. Shekaru masu yawa ma ana sayar da hamorii da sunan smithi, sai a 2017 Jorge Mendoza da Oscar Francke suka fayyace bambancinsu.

3.5 'Yan Afirka da Larabawa

Monocentropus balfouri ta tsibirin Sokotra na ƙasar Yemen, mai shuɗin ƙafafu, 'yar busasshen wuri ce mai duwatsu, kuma tana cikin 'yan ƙalilan da ake iya tarawa da yawa a akwati ɗaya. Pterinochilus murinus ta gabashi da kudancin Afirka ita ma tana jure fari. Sai dai tarantulolin wannan ɓangare na duniya ba su da gashi mai ƙaiƙayi, don haka gudu da cizo ne kariyarsu, dafinsu kuma ya fi tsanani, yana iya kawo raɗaɗi da murɗewar tsoka na kwanaki. Ba na mai koyo ba ne, musamman a gidan da yara suke.

4.0 Mace ko Namiji, 'Yar Daji ko 'Yar Gida

Bayan an tsayar da nau'i, sauran tambayoyi biyu waɗanda sau da yawa sun fi ta farkon tasiri. Ta farko ita ce jinsi. Namijin tarantula idan ya yi saɓarsa ta ƙarshe ya balaga, sai ya bar raminsa ya shiga yawon neman mace, ba ya damuwa da abinci, kuma da wuya ya wuce shekara guda ko biyu bayan haka. A Arizona irin waɗannan maza ne ake gani suna tsallaka titi da yamma a ƙarshen bazara da farkon kaka, a nan ne ma wani ƙaton zanzaro na rukunin Pepsis yakan farauce su, ya shanye musu jiki da harbi, ya ja su rami ya ɗora ƙwansa a kai. Wanda ya sayi balagaggen namiji ya sayi dabbar da kwananta ya kusa ƙarewa, wadda kuma za ta yi ta zagaya akwati tana neman mafita maimakon ta zauna ta haƙa rami. Ana gane shi da siririn jiki da dogayen ƙafafu, da ɗan ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba a mafi yawan nau'o'i, da kumburi a kan gajerun hannuwan nan biyu na gefen baki. Kafin balaga kuwa hanya mafi inganci ita ce duba cikin fatar da dabbar ta saɓe, inda ake ganin jakar ajiyar maniyyi idan mace ce.

Tambaya ta biyu ita ce daga ina dabbar ta fito. Wani bincike da Benjamin Marshall da Alice Hughes da abokan aikinsu suka wallafa a 2022 ya gano nau'o'i 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu a kasuwannin duniya, kuma kashi 67 cikin ɗari na ɗaiɗaikun da aka samu bayanin asalinsu daga daji aka kamo su. A watan Nuwamba na 2024 jami'ai a filin jirgin saman Lima na ƙasar Peru sun kama wani matafiyi da tarantula 320 ɗaure a jikinsa. Illar irin wannan kamu ta fi tsanani a kan nau'o'in busassun wurare, saboda jinkirin girmansu. Babbar macen chalcodes da aka tono daga raminta ta shafe shekara goma ko fiye kafin ta kai haka, kuma da an bar ta da ta yi wasu shekarun tana ƙwai. Ita ce kuma aka fi samu a shaguna da araha, domin babu mai ƙyanƙyasar da zai ciyar da dabba shekara goma ya sayar da ita a wannan farashi. Bayan haka, 'yar daji tana iya zuwa da ƙwayoyin cuta ko tsutsotsi a jikinta, ba a kuma san shekarunta ba.

Duba da wannan, zaɓin da ya fi ƙarfin hujja ga mai son hamada ta haƙiƙa shi ne matashiyar macen chalcodes da aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, ko da za ta fi tsada ta kuma fi wuyar samu. Wanda ba zai iya jiran girmanta ba, ko yake son dabbar da zai riƙa gani kullum, 'yar Paraguwana ta fi masa. Jaririya ƙarama ƙwarai ba a fara ta a babban mazauni, domin fatarta ba ta gama ƙarfin riƙe ruwa ba. A ƙaramar roba mai ɗan danshi ake renonta har ta tasa.

5.0 Abin da Zaɓin Yake Wajabtawa a Cikin Akwati

Tarantular ƙasa mai nauyin ciki ba ta jure faɗuwa. Fatar cikinta siririya ce, idan ta faɗo daga 'yar tazara a kan dutse tana iya fashewa, jini ya tsiyaye ta mutu. Wannan ne ya sa masu kiwo suke bin ƙa'idar cewa tazarar da ke tsakanin doron ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin ƙafafun dabbar sau ɗaya da rabi. Ga babbar chalcodes, akwati mai tsawon santimita 40 da faɗin 30 ya isa, a cika fiye da rabinsa da ƙasa. Murfin raga yana da haɗari, domin ƙananan faratan ƙafarta kan maƙale a ciki ta yi ta reto har ƙafa ta cire. Murfin roba mai tauri da aka huda shi ya fi. Wannan raunin ciki shi ne kuma dalilin da ya sa ɗaukar tarantula a hannu ba shi da wata fa'ida gare ta, ba ta sabo da mutum, ba ta kuma gane mai ita.

Ƙasar da ake zubawa gauraye ake yi, turɓaya wadda ba ta taɓa taki ko maganin ƙwari ba, da yumɓu, da ɗan yashi. Ana jiƙa ta a daddanna, sannan a bar ta ta bushe sarai kafin a saka dabbar, ta yadda za ta riƙe rami. Ana fara mata ɗan rami a ƙarƙashin ɓawon itace domin ta ƙarasa. Duk dutse mai nauyi a kan gindin akwatin ake zaunar da shi kafin a zuba ƙasa, in ba haka ba ranar da ta haƙa ƙarƙashinsa zai rufta mata. Kwanon ruwa marar zurfi ba ya rabuwa da akwatin, kuma ba a saka soso a ciki, domin ba ta buƙatarsa, ƙazanta kawai yake tarawa. Lokaci-lokaci ana barin ruwan ya malala a kusurwa guda ya gangara ƙasa, a kwaikwayi abin da ruwan sama yake yi wa ƙasan rami.

Kaktus mai rai shi ne abin da kowa yake sha'awar dasawa, shi ne kuma ya fi kawo rigima. Yana son hasken da tarantula take gudu, ƙayarsa tana iya huda cikinta, kuma wanda aka sayo daga masu sayar da furanni sau da yawa an yi masa feshi. Busasshen ƙashin kaktus da aka cire wa ƙaya, da busasshiyar ciyawa, da 'yan tsakuwoyi, suna ba da kamannin Sonora ba tare da wannan haɗari ba. Zafin ɗaki tsakanin digiri 21 da 28 ya wadatar. Shimfiɗar ɗumama da ake sakawa a ƙarƙashin akwati tana juya tsarin halitta ne, domin dabbar da ta ji zafi ƙasa take nufa, sai ta tarar can ne wutar take. A ƙasashe masu zafi kuwa, inda ɗaki kan haura digiri 35 a bazara, neman wuri mafi sanyi a gidan shi ne aikin, nesa da taga. A irin waɗannan gidaje akwai ƙarin abokan gaba biyu: kiyashi, wanda kan taru ya kashe dabbar a raminta, da maganin sauro na feshi ko na hayaƙi, wanda bai bambanta sauro da gizo-gizo ba.

Abinci ba shi da wahala. Gyare ko kyankyason da aka kiwata, ɗaya ko biyu a mako ko mako biyu, ya ishi babba. Abin da ba ta ci ba cikin kwana guda sai a fitar da shi, musamman idan saɓa ta gabato, wanda ake ganewa da ƙin abinci da kuma duhun da fatar bayan cikinta take yi. Ranar saɓar takan kwanta rigingine, ƙafafu a sama, kamar matacciya. Ba a taɓa ta, ba a juya ta. Bayan ta fito jikinta laushi gare shi, fiƙoƙinta farare ne, sai sun yi baƙi sun yi tauri ake sake ba ta abinci, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ga babba. Gyaren da aka manta a akwati a wannan lokaci yana iya cin naman jikinta.

A Sonora, idan sanyi ya shigo, chalcodes takan toshe bakin raminta da ƙasa da zare ta zauna ciki har yanayi ya juya. Takan yi haka a akwati ma, wani lokaci na tsawon watanni uku ko huɗu, ko kuma gabanin saɓa. Mai kiwon da ya shirya mata ƙasa mai zurfi zai wayi gari yana kallon akwatin da babu komai a cikinsa sai duwatsu da busasshiyar ciyawa. Ba a tona ramin domin a duba lafiyarta, ba a kuma tura abinci ta bakinsa. Ana ci gaba da cika kwanon ruwa ne kawai, har ranar da aka ga sabuwar ƙasa a tule a bakin ramin, wani lokaci da tsohuwar fatar da ta saɓe a gefe.